Zoben Robar Injin Ban Ruwa: Yadda Ake Kula da Shi da Yadda Ake Adana Shi

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, aka shiga dashen tumatir da albasa da tattasai a fadamun Hunkuyi da Likoro da Doka, sai layi ya kafu a rumfunan masu gyaran injin ban ruwa. Kukan manoma kusan ɗaya ne: injin yana tashi, yana ta ruri, amma ba ya jan ruwa. Mai shi zai rantse maka cewa lafiya ƙalau ya ajiye shi a watan Mayu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai a watanni biyar ko shidan da injin ya yi a kwance a zaure ko a gindin rumbu, akwai abin da ya lalace a cikinsa shiru. Sau da yawa abin nan bai wuce 'yan robobin da ke toshe mahaɗai ba, musamman wannan zagayayye mai kamar zobe da makanikai ke kira orin. Ƙananan cikinsu kuɗinsu bai kai na litar fetur guda ba, amma idan ɗaya ya gaza, injin gaba ɗaya ya zama kayan kallo, dashe kuma ba ya jiran kowa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ranar da aka gama ban ruwan ƙarshe ita ce ranar gyara, ba ranar da za a sake fita da injin ba.

Sai an fahimci yadda injin ke jan ruwa kafin a gane darajar roba. Farfelar da ke juyawa a cikin kaskon famfo tana watsa ruwan da ke ciki waje, sai ta bar gurbi, iskar duniya kuma da ke danne saman ruwan rafi ko na rijiya ita ce ke turo ruwa ta cikin mesa ya cike gurbin. Ƙarfin wannan danniya yana da iyaka. A bakin teku ba ya iya ɗaga ruwa sama da mita 10 da 'yan kai, a ƙasar Zazzau kuma da take tudu, sama da mita 600 daga doron teku, bai ma kai haka ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Honda ke rubuta mita 7 zuwa 8 a matsayin iyakar zurfin da injinsu mai inci 2 ko inci 3 zai iya zuƙa, kuma wannan sai komai yana toshe ruf. Wanda ya taɓa shan lemo da tsinken da ya tsage ya san sauran zancen: kana zuƙa, iska ce ke zuwa. Haka injin yake. Ɓarakar da ba ta kai kaurin gashi ba a ɓangaren zuƙa ta isa ta hana ruwa hawowa, musamman a watan Maris da Afrilu da ruwan rijiyoyi ke ja da baya.

Abin da ke rikita mutane shi ne irin wannan yoyo ba ya nuna kansa. Idan ɓangaren da ke fitar da ruwa ne ya ɓule, za ka ga tsartuwa. Idan na zuƙa ne, ba ɗigo ko ɗaya, domin iska ce ke shiga, ba ruwa ke fita ba. Alamominsa su ne injin ya daɗe bai kama ba, ko ruwan ya riƙa zuwa yana yankewa da kumfa, ko kuma fangalin da ake cikawa cikin minti biyu ya koma cin biyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mintin da injin ya yi yana zuƙar iska asara ce da manomi ke ji a aljihunsa.

Inda robobin suke

A injin da aka fi amfani da shi a wannan yanki, wanda mutum biyu ke ɗauka ko a ɗaure a bayan babur, za ka sami roba a wurare kamar shida. Akwai ƙaramin zobe a murfin sama inda ake ɗura ruwa kafin a tayar, da wani irinsa a murfin ƙasa inda ake zubar da ruwa. Akwai washa mai faɗi a cikin kowane kan mesa, na zuƙa da na fitarwa. A bakin mashigar ruwa akwai bawul ɗin roba mai kamar harshe, wanda ke hana ruwan kasko komawa rijiya. Idan aka buɗe kaskon, akwai babban zobe da ya zagaye shi duka, da wani matsakaici a jikin gidan farfela. Can baya kuma, inda sandar injin ta shigo cikin famfo, nan sil yake, wanda shi ba roba zalla ba ne: fuska biyu ce masu santsi, ɗaya ta tangaran ɗaya ta gawayin masana'anta, da sifirin da ke haɗa su, da roba da ke riƙe su.

Zoben ba ya aiki sai an ɗan matse shi. Ana kwantar da shi a cikin kwarmin da aka yanka daidai da shi, idan aka rufe sai ƙarfe ya danne kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kaurinsa, shi kuma yana ta yunƙurin komawa siffarsa, wannan yunƙurin ne ke toshe hanya. Ranar da roba ta gaji ta daina yunƙuri, ta zauna a baje, ranar ta mutu, ko da ba ta tsage ba. Wani ɗan asalin Denmark mazaunin Amurka, Niels Christensen, shi ya nemi a yi wa wannan dabara rajista a Amurka a shekarar 1937, kuma har yau ita ce a cikin jirgin sama da tukunyar gas da injin fadama.

Darasi daga masu hoto a ƙarƙashin teku

Babu waɗanda suka kai masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tsantseni da wannan zobe, kuma daga wurinsu ya kamata mu ɗauki tarbiyyar aikin. Suna sa kyamara mai tsadar gaske a cikin wani akwati, su nutse da ita mita 20 ko 30, inda kowane mita 10 ke ƙara danniya daidai da nauyin iskar duniya guda. Abin da ya raba kyamarar da ruwan gishiri zoben roba ne kawai a bakin murfi. Saboda haka kafin su shiga ruwa sai sun cire shi, sun goge, sun duba shi a haske, domin sun san gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya da ta gitta a kansa ta isa ta cika akwatin da ruwa. Idan sun fito su wanke da ruwan daɗi. Idan za su ajiye na dogon lokaci, ko dai su cire zoben su sa a leda, ko su bar murfin ba a danne ba, don kada robar ta baje. Ba sa taɓa shi da ƙarfe, kuma ba sa shafa masa kowane irin mai sai wanda kamfanin ya ce.

Manomin rani ba ya nutso, amma abokan gabarsa sun fi na mai kyamara yawa: yashin fadama, ƙurar hunturu, zafin bazara, fetur da baƙin mai a hannu, ga ɓeraye a ɗakin ajiya.

Cirewa da gogewa

Ka fara da wurin aikin. Kada ka buɗe injin a kan ƙasa a bakin rijiya. Shimfiɗa buhu mai tsabta ko tabarma a inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura, ka wanke hannunka da sabulu. Ka wanke bayan injin kafin ka kwance ko noti ɗaya, domin lakar da ke waje ita ce ke faɗawa ciki.

Wajen ciro zobe daga kwarminsa ne aka fi yin ɓarna. Hannu yakan kai ga sukundireba ko ƙusa ko bakin wuƙa, kuma nan take a yi asara biyu: a yanki robar, a kuma karce kwarmin. Kaskon waɗannan injina na alminiyom ne, ba shi da tauri, karce ɗaya a cikin kwarmi ya zama hanyar iska ta dindindin da sabon zobe ma ba lallai ya toshe ba. Ga yadda ake yi. Ka sa babban yatsa da manuni a kan zoben a wurare biyu, tsakaninsu kamar faɗin yatsu huɗu, ka danna, ka tura su suna nufar juna. Za ka ga robar ta ɗan tashi a tsakiya ta yi baka. Ka kama wannan bakan da ɗaya hannun ka zare a hankali. Idan ta manne ta ƙi tashi, gefen tsohon katin roba, irin na banki ko wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa, ya isa. Kada ka ja ta da ƙarfi, domin robar da aka miƙe fiye da kima ba ta komawa.

Ka wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka tsane da ƙyalle marar gashi. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi tawul ko auduga, waɗanda ke barin zare. Kada fetur ko kananzir ko gas ɗin mota ya kusance ta. Na san a rumfar gyara da fetur ake wanke kusan komai, kuma ga ƙarfe ba laifi, amma wasu robobin suna shan sa su kumbura, idan sun bushe kuma su ƙanƙance su yi tauri.

Yanzu sai dubawa, kuma a nan ake son natsuwa. Ka riƙe zoben a haske, ka lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Tsagun da rana da zafi suka yi ba sa fitowa sai an lanƙwasa, sai ka ga ƙananan layuka sun buɗe baki a bayan robar. Bayan ido, sai yatsa: ka ja zoben a tsakanin yatsu biyu har ya zagayo, yatsa yana jin yankan da ido bai gani ba. Lafiyayyen zobe kewayayye ne ta kowane gefe, mai laushi, idan ka matsa shi ya dawo nan da nan. Wanda ya yi fuska biyu a baje, ko ya yi tauri, ko yake danƙo yana baƙanta hannu, ko ya yi wa kwarminsa yawa har yana tudu, ya gama aiki. A yanka shi biyu kafin a yar, don kada wani yaro ya tsinto a mayar.

Kwarmin shi ma yana son kulawa daidai da zoben. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari a cikinsa, tsatsar alminiyom ke nan, haɗe da busasshiyar laka. Tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu su ne maganinsa, sannan a naɗa ƙyalle a kan tsinken itace a bi kwarmin har ya fito fes. Ban da samfefa, ban da burushin waya.

Maganar mai

Mutane da yawa sun ɗauka giris ne ke toshe yoyo, shi ya sa suke cika kwarmi da shi. Ba haka ba ne. Roba ce ke toshewa. Aikin mai shi ne ya sa zoben ya zame ya zauna daidai ba tare da ya murɗe ko ya tsinke ba lokacin rufewa. Idan ya yi yawa, sai ya zama tarkon yashi, yashin kuma ya buɗa hanya. Ga ƙaramin zobe, abin da bai kai ƙwayar dawa ba ya isa. A lakata a yatsa, a ja zoben a ciki har ya yi ƙyalli, ba tare da an ga farin mai a kansa ba.

Wane mai? A nan sai an san cewa robobi iri-iri ne ko da duk baƙaƙe ne. Akwai naitiril, wadda ke jure fetur da man inji amma rana ke saurin tsagawa. Akwai EPDM, wadda ta fi kowacce jure ruwa da rana, amma da ta haɗu da duk wani mai da aka samo daga ɗanyen man fetur sai ta kumbura ta lalace, kuma baƙin mai da giris ɗin mota da basilin duk daga can suke. Akwai Viton, mai tsada, mai jure magunguna masu ƙarfi, wadda ake sa wa injinan feshi masu kyau. Launi ba hujja ba ne, ba kuma za ka bambance su da ido ba. Don haka abin da ya fi aminci shi ne giris ɗin silikon, fari mai kamar ruwa-ruwa a ɗan tib, wanda ya dace da duka ukun. A tambaya a shagunan kayan famfo da na kayan injina, kamar na Sabon Garin Zariya, tib ɗaya kuma zai yi wa mutum shekaru. Iyakar inda ake kaffa-kaffa da shi shi ne idan zoben kansa na silikon ne, irin masu laushi sosai da ake samu a wasu akwatunan kyamara da fitilu, a nan sai a bi abin da kamfani ya rubuta.

Idan babu silikon, a jiƙa zoben da ruwan sabulu a mayar. Ya fi baƙin mai sau dubu. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya kuwa a bar su a madafa: suna daskarewa su yi danƙo, ƙamshinsu kuma gayyatar ɓera da kiyashi ne.

Mayarwa da gwaji

A kwantar da zoben a kwarmi da yatsu, a bi shi a tabbatar bai murɗe ba. Yawancin zobba suna da siririn layi na wurin da aka haɗa su a masana'anta, idan layin ya tafi miƙe a zagaye, zama ya yi daidai. A sake dubawa ko gashi ko zare ya hau. Wajen rufe kasko, a ɗaura notuna duka da hannu tukuna, sannan a riƙa ƙara musu da sufana kaɗan-kaɗan, na sama na dama sai na ƙasa na hagu, a gicciye, don murfin ya sauka daidai. Wanda ya ɗaure ɗaya tam kafin sauran, zai cije zoben a gefe guda.

Murafun ɗura ruwa da na zubarwa yawanci na roba mai tauri ne, ƙarfin hannu ya ishe su. Idan hannu ya ɗaure amma yana yoyo, zoben ne ya mutu, filaya ba za ta raya shi ba, sai dai ta cinye zaren murfin.

Don gwaji, a cika kasko da ruwa har ya tumbatsa, a rufe, a tayar da injin, a kara gindin tsohon silifa mai tsabta a bakin mashigar ruwa na 'yan daƙiƙu. Idan ya cafke shi da ƙarfi, famfo lafiya yake, sai a nemi ɓarakar a mesa ko a washar kanta. Idan riƙon sako-sako ne, matsalar tana jikin injin. Kuma kada a taɓa tayar da shi babu ruwa a kasko. Fuskokin sil ruwa ne ke sanyaya su, idan suka yi gudu a bushe, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci zafi zai ƙona robarsa ko ya fasa tangaran ɗin. Haka nan idan an yi minti biyu zuwa uku bai kama ruwa ba, a kashe a bincika, domin ruwan da ke kaskon zafi yake yi. Alamar mutuwar sil ita ce ɗigon ruwa ta ƙasa, tsakanin famfo da inji. Wannan aikin bakanike ne. Abin da mai injin zai sa wa ido kawai shi ne kada a taɓa fuskokin sabon sil da hannu mai maiƙo, kuma kada a buga shi da guduma.

Akwai dabarar da kowa ya sani a fadama: idan mahaɗa tana shan iska, a yaɓa mata laka, ko a naɗe ta da robar tib. Ba na ganin laifin wanda ya yi haka don ya ceci ban ruwan yini guda. Amma lakar nan ciki ake zuƙe ta sannu a hankali, yashinta kuma kan farfela da sil yake zuwa. Dabarar yini ɗaya ce, kada ta zama ta shekara.

Da asubahin Disamba da Janairu kuma, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, tsohuwar roba takan sandare. Wannan hali nata ya taɓa jawo babban bala'i. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, bincike kuma ya nuna zoben roba ne a mahaɗar rokarsa ya ƙi miƙewa saboda tsananin sanyin safiyar. Masanin kimiyya Richard Feynman ya nuna haka a gaban kwamitin bincike ta hanyar tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara. Hunturunmu bai kai can ba, amma idan washa ta yi tauri da safe, a ɗumama ta a tafin hannu ko a ruwa mai ɗumi. Kada a gasa ta a wutar jin ɗumi.

Ajiyar damina

Ranar ban ruwan ƙarshe, kafin a kai injin gida, a bar shi ya ja ruwa mai tsabta na 'yan mintuna don ya wanke cikinsa. A buɗe murfin ƙasa ruwan ya tsiyaye tas, a ɗauraye ta sama, a bar shi ya bushe a inuwa. Ruwan da aka bari a kasko wata biyar shi ke haifar da farin garin nan, ya kuma manne farfela.

A ra'ayina, a buɗe kaskon sau ɗaya a shekara, kuma a wannan lokacin, ba a watan Nuwamba da kowa ke rububi ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka buɗe sai sabon babban zobe yana hannunka, domin tsohon da ya shekara a matse ba kullum yake yarda ya koma ba. Idan ka duba yana da kyau, ka shafa masa silikon ka mayar, sabon ya zauna a ajiye. Washoshin kan mesa a cire su gaba ɗaya. Murafun sama da ƙasa a mayar da su sako-sako, yadda zoben ba zai kwana a danne ba. Bakin shiga da na fita a ɗaure su da ƙyalle mai kauri ko a toshe da abin da ɓera ba zai ci ba, domin ɓera na son bawul ɗin roba, zanzaro kuma na son gina ɗakinsa na laka a ciki. A tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, a canza baƙin mai, a ɗora injin a kan katako. Mesa a naɗe ta da faɗi ba tare da karya ba, a rataye a inuwa.

Robobin da aka cire da sababbin da aka saya, bayan wankewa da bushewa, a sa kowanne a 'yar leda, a kwance, ba a lanƙwashe ba, da guntuwar takarda da aka rubuta na ina ne. A zuba su a gwangwani mai murfi. Ƙa'idar duniya ta ajiyar roba, ISO 2230, ta ce a ajiye ta ƙasa da digiri 25, nesa da haske da laima, ba a miƙe ba, ba a danne ba. A irin wannan yanayi ta ba naitiril shekara 7, EPDM da Viton shekara 10. Mu da bazararmu ke haura digiri 35 ba za mu cika wannan sharaɗi ba, amma za mu iya kusantarsa. Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba, ƙasan ɗaki kuma ya fi saman bango kusa da rufi. A nesanta gwangwanin da janareta da injin niƙa mai lantarki da wurin walda, domin tartsatsin lantarki na haifar da iskar ozon mai tsattsaga roba. A nesanta shi da jarkar fetur da kwalaben maganin feshi. Kada kuma a rataye zobe a ƙusa: nauyinsa zai miƙar da shi, daidai wurin da ƙusar ta taɓa kuma nan tsaga ke farawa.

Wannan ya shafi saye ma. Zoben da ya shekara a rataye a ƙofar shago yana shan rana tsoho ne ko da ba a taɓa sa shi ba. Ka nemi wanda ke cikin ledarsa. Ka tafi da tsohon, amma ka haɗa da murfin ko kan mesar da zai zauna a ciki, saboda tsohon ya riga ya sauya siffa. Awo biyu ake dubawa, faɗin ramin zoben da kaurin jikinsa, kuma dole duka su dace. Siriri biyu ba sa maye gurbin mai kauri ɗaya. Ka sayi bibbiyu na ƙananan, domin su ne ke faɗawa cikin ruwa a bakin rijiya.

Injin feshi da tukunyar gas

Injin feshi na goyo, mai lita 16 ko 20, yana da zobba a mariƙinsa da sandarsa da bakinsa da cikin famfonsa, kuma su suka fi shan wuya, domin magungunan da ke yin fari kamar madara idan an zuba su a ruwa suna ɗauke da sinadaran da ke cin roba. Tun annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, feshi ya ƙaru ƙwarai a lambunanmu. Yoyon wannan inji kuwa a bayan mutum da hannunsa yake sauka, fata kuma tana shan guba. Kada magani ya kwana a tanki. A ɗauraye sau uku, a fesa ruwa mai tsabta ta cikin sandar, nesa da rijiya da rafi. A sa safar hannu ta roba kafin a taɓa zobbansa, a saki iskar da ke ciki kafin a kwance, kada a busa bakinsa da baki, kuma gwangwanin robobinsa ya zama daban.

Waɗanda suka mayar da injinsu mai amfani da gas ɗin girki su ma su sani akwai 'yar roba a bakin tukunyar, inda kan gas ke zama. A duba ta duk lokacin da aka yi ɗuri. A gwada mahaɗai da kumfar sabulu, idan ta yi ƙwai akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana, kuma ba a sa tiyon ruwa a madadin tiyon gas.

Ga ƙungiyoyin manoman rani na Kudan da Makarfi da Ikara, ina roƙon a sa wannan cikin abin da ake haɗa kuɗi a saya tare: akwatin zobba masu awo daban-daban da tib biyu na giris ɗin silikon, a ajiye wurin mutum ɗaya amintacce mai ɗaki mai sanyi. Masu gyara kuma, don Allah, idan manomi ya kawo inji, ku nuna masa zoben da ya mutu da dalilin mutuwarsa kafin ku sa sabo. Kai kuma mai inji, idan naka yana ajiye yanzu, ka je yau ka sassauta murafunsa, ka cire washoshin ka sa a gwangwani.